Jan Launin Ganye da Lafiyar Tsiro: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin mangwaro lokacin da yake sabon toho ya ga ganyaye masu laushi, ruwan hanta, sun langaɓe kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, alhali tsofaffin ganyen da ke kewaye da su kore ne shar. Manomin masara kuma yakan wayi gari ya tarar bakin ganyen shukarsa ya koma shunayya, hankalinsa ya tashi. Sinadari ɗaya ne ya haifar da launin a wuraren biyu, amma abin da yake nunawa ya bambanta, kuma sanin wannan bambanci yana iya hana mutum ɓarnar kuɗi a kan maganin feshin da gonarsa ba ta bukata.

Mene ne yake sa ganye ya yi ja?

A yawancin tsirrai, wani rukunin sinadarai ne da masana ke kira antosiyanin. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Jamus, Ludwig Marquart, shi ya raɗa wannan suna a 1835, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin fure da shuɗi, domin a cikin shuɗin fure ya fara nazarinsa. Daga baya Richard Willstätter, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1915 saboda aikinsa a kan launukan tsirrai, ya fayyace yadda ginin sinadarin yake. Zuwa yau an gano ire-irensa sama da 600.

Antosiyanin yana narkewa a ruwa, kuma tsiro yana tara shi ne a cikin wata 'yar jakar ruwa da ke tsakiyar kowace ƙwayar halittar ganye, sau da yawa a fatar ganyen ko a layin da ke ƙarƙashinta. Launinsa yana bin yanayin ruwan da yake ciki. Mai dafa zoɓo ta san wannan ko da ba ta san sunan ba: idan ta matsa lemun tsami a tukunya, jan yakan ƙara haske ya yi wur, idan kuwa ɗan gutsuren kanwa ya faɗa ciki, sai ruwan ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi. Abin da ya rina ruwan zoɓo shi ne dai ya rina karan yakuwa da jijiyoyin ganyenta.

Ke nan duk jan da ake gani a jikin tsiro antosiyanin ne?

A'a. Jan alayyafo yana samun launinsa daga wani rukuni dabam mai suna betalen, haka ma fasa-ƙaba mai jan kara da gwozar Turawa mai jan ciki. Abin mamaki shi ne ba a taɓa samun tsiron da ya haɗa betalen da antosiyanin a jikinsa ba. Dangin da ke yin ɗaya ba ya yin ɗayan, ko da yake aikin da suke yi wa ganye ya yi kama sosai. Jan tumatir da na tattasai kuma daga rukunin karotinoyid yake, wanda a mai yake narkewa, shi ya sa man da aka soya tattasai a ciki yake yin ja. Jar albasa kuwa antosiyanin ce.

Shin jan ganye yana iya haɗa wa tsiro abinci kamar yadda kore yake yi?

Yana iyawa, domin koren sinadarin da ke kama hasken rana, wato kulorofil, yana nan a cikinsa, jan ne kawai ya rufe shi ga ido. Mai son ya tabbatar ya tsinko jan ganye ɗaya ya jefa a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci. Ruwan zai ɗauki launin ja, ganyen kuma ya fito kore, saboda antosiyanin yana fita cikin ruwa, kulorofil kuwa ba ya narkewa a ruwa.

To, wane amfani jan launin yake yi wa tsiro?

Amsar da ta fi samun goyon bayan gwaje-gwaje ita ce rumfa yake yi wa ganye daga hasken da ya fi ƙarfinsa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tsiro ba ya gajiya da rana, amma ba haka abin yake ba. Kulorofil yana kama haske ko ganye yana iya sarrafa shi ko ba ya iyawa. Idan komai yana tafiya daidai, ƙarfin hasken yakan tafi wajen haɗa sukari daga ruwa da iskar da ganye ya shaƙa. Amma idan sanyi ya rage saurin aikin ganyen, ko ƙishirwa ta sa ya rufe ƙofofin shaƙar iska, ko wani sinadarin taki ya yi ƙaranci, sai hasken da aka kama ya rasa inda zai je. Rarar ƙarfin nan sai ta faɗa kan iskar oksijin, ta mayar da ita wasu sinadarai masu cin abin da suka taɓa, waɗanda ke lalata ainihin sassan da ke haɗa abincin. Lamarin ya yi kama da injin niƙa da aka bar shi yana gudu babu hatsi a cikinsa: haƙoransa ne za su ci juna.

A nan antosiyanin yake shigowa ta hanya biyu. Ta farko, yana tsotse wani kaso na hasken tun kafin ya isa ga kulorofil, musamman koren ɓangaren hasken rana, wanda shi ne ya fi ratsawa can cikin ganye. Ta biyu, yana iya kashe kaifin waɗancan sinadarai masu cin jiki idan sun riga sun samu. Kevin Gould da abokan aikinsa a ƙasar Niyu Zilan sun nuna wannan a 2002 da ganyen wani ɗan itace na can mai suna horopito, wanda ke da ja a wani sashe da kore a wani. Da suka ji wa ganyen rauni, sinadarin mai cin jiki ya ɓace da sauri a jan sashen, ya daɗe yana taruwa a koren.

Masana ba su gama daidaitawa a kan wace hanya ce ta fi muhimmanci ba, kuma alamu sun nuna abin ya danganta da irin tsiron da kuma inda launin ya zauna a cikin ganye. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne, idan aka haɗa jan ganye da kore aka sa musu haske mai tsanani tare da sanyi, jan ya fi jurewa kuma ya fi saurin farfaɗowa.

Me ya sa sabon tohon mangwaro da na dogonyaro yake fitowa ja kafin ya koma kore?

Saboda jaririn ganye bai gama gina kayan aikinsa ba. Itatuwa da yawa na ƙasashe masu zafi, irin su mangwaro da koko, sukan shimfiɗa ganye ya kai girmansa tukuna sannan su zuba masa kulorofil da sauran kayan haɗa abinci. A wannan tsakanin ganyen yana da laushi, ba shi da kaurin fata, ga shi kuma a can ƙarshen reshe inda rana ta fi duka. Jan launin yana kare shi har ya yi ƙwari, kuma cikin 'yan makonni sai ya dusashe, koren ya bayyana. Wannan ja alamar itace mai ƙoshin lafiya ne da ke girma, ba ya bukatar magani, kuma kuskure ne babba a tsinke shi da zaton cuta ce. Abin da ya kamata mai lambu ya lura da shi a lokacin shi ne awaki da ƙwarin da ke son ganye mai laushi.

Masarata ta yi shunayya tun tana ƙarama. Cuta ce?

Mafi yawan lokaci ba cuta ba ce, amma saƙo ne da ya cancanci a karanta shi. Abin da ke faruwa shi ne ganye ya haɗa sukari, amma shukar ta kasa kai shi inda za a yi amfani da shi, sai ya taru a ganyen. Taruwar sukari ita ce take kunna ƙwayoyin gadon da ke sa a yi antosiyanin. Tambayar da ta dace ke nan ita ce: me ya hana sukarin tafiya?

Dalilin da aka fi sani shi ne ƙarancin fosforas, sinadarin da ke cikin takin supa da kamfa, wanda tsiro ba ya iya sarrafa sukari da girman saiwa in babu shi. Ƙasar noma a yawancin yankin Arewacin Najeriya da kudancin Nijar tana da ƙarancinsa, musamman jigawar da aka daɗe ana nomawa ba a mayar mata da taki. Alamarsa tana farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa, domin shuka takan kwashe ɗan abin da ke cikinsu ta kai wa sababbi. Launin yakan bi bakin ganye da tsininsa, shukar kuma ta tsumbure, karanta ya yi siriri.

Sai dai akwai lokacin da fosforas yana cikin ƙasa amma saiwa ta kasa ɗauka. Masu noman rani a wurare irin su Kadawa sun san yadda masarar da aka shuka a tsakiyar hunturu take yi. A watan Disamba da Janairu sanyin dare a Kano yakan sauko ƙasa da digiri 15, da rana kuma haske ya buɗe. Ganye ya yini yana haɗa sukari, da dare sanyi ya hana saiwa girma, sai shunayya ta bayyana ko da an zuba taki isasshe. Haka tumatir yake yi a gadon reno, inda bayan ganyensa da karansa ke komawa shunayya. Irin wannan yakan wuce da kansa idan gari ya fara ɗumi. Kwanciyar ruwa a kunya, da ƙasar da ta daddale ta yi tauri, da tsutsar da ta ci saiwa, duk suna iya kawo wannan launi. Ga kuma bambancin iri: wata masarar tana da gadon yin ja da ɗan abu kaɗan, wata kuwa ko yunwar fosforas ta kama ta ba za ta nuna ba.

Idan kuma masara ta riga ta girma sannan aka ga kara ɗaya ya yi ja a tsakiyar kore, a duba shi da kyau. Sau da yawa za a tarar bai yi goyo ba, ko tsutsar kara ta huda shi, don haka sukarin da ya kamata ya tafi cikin ƙwaya ya maƙale a ganye da kara.

Jajayen ɗigo da tabon da ake gani a ganyen dawa fa?

Wannan shi ne wurin da jan launi ya fi nuna ƙarfinsa, kuma a ganina babu misalin da ya fi shi ban sha'awa. Dawa tana yin wani nau'i na musamman na wannan sinadari wanda ba a cika samunsa a sauran tsirrai ba, manyan cikinsa su ne afijeninidin da lutiyolinidin, kuma aikinsu kashe ƙwayar cuta ne kai tsaye. Ralph Nicholson na Jami'ar Purdue a Amurka da abokan aikinsa sun bayyana haka a 1987, sannan a 1990 suka nuna yadda abin yake gudana a cikin ƙwayar halitta guda. Idan ƙwayar cutar fumfuna mai haddasa tabon ganye ta sauka a kan ganyen dawa ta fara huda fatarsa, ƙwayar halittar da ake hudawa takan haɗa wasu ƙananan ƙulli marasa launi. Ƙullin nan sai su yi ta matsawa zuwa daidai wurin hudar, suna rinewa daga ruwan lemo zuwa ja mai duhu, daga ƙarshe su fashe su zubar da abin da ke cikinsu a kan mai kutsen. Ƙwayar halittar kanta takan mutu a wannan artabu, amma cutar ta tsaya a nan. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa irin dawar da ke jure wannan cuta ya fi saurin tara sinadarin kuma ya fi yawaita shi, mai rauni kuwa yakan makara har cutar ta bazu.

Saboda haka ƙananan ɗigo ja da suka tsaya wuri ɗaya ba su faɗaɗa ba shaida ce ta cewa dawar ta yi faɗa ta yi nasara a wurin. Abin damuwa shi ne tabon da ke girma, tsakiyarsa ta bushe ta yi fari-fari da ɗige-ɗigen baƙi, yana haɗewa da na kusa da shi har ganye ya ƙone. Dawa takan yi irin wannan ja idan ƙwaro ya cije ta ko wani abu ya ƙuje ta, shi ya sa idan aka tsaga karan da tsutsa ta bi ake ganin hanyarta ja.

Kakanninmu sun daɗe da sanin darajar wannan launi. Karan dafi wani iri ne na dawa da ake shukawa don jan kuben ganyensa, ba don ƙwayarsa ba, kuma da shi dukawa da majema na Kano da Sakkwato suke rina jar fatar akuya. A Gana da busasshen ganyen irin wannan dawa ake dafa shinkafa da waken da suke kira "waakye", wanda sunansa daga kalmar wake ya samo asali. Launin yana jure zafi da kanwa fiye da antosiyanin na zoɓo, shi ya sa yake zama a fata kuma ba ya gudu a tukunya.

Me ya sa itatuwan ƙasashen sanyi suke yin ja kafin su zubar da ganye?

Ruwan ɗorawar da ake gani a tsohon ganye dama yana ciki tun farko, koren ne ya janye ya bar shi a fili. Ja kuwa sabo ne, itacen yana ƙera shi a daidai lokacin da ganyen ke shirin faɗuwa, kuma wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, don me za a kashe sukari a kan ganyen da ya kusa mutuwa. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne, kafin ganye ya faɗi itace yakan wargaza kulorofil ya kwashe naitirojin, wato sinadarin taki mai gina ganye, da sauran abubuwa masu amfani ya adana a rassa don toho mai zuwa. Wannan aiki yana bukatar ganyen ya ci gaba da rayuwa na wasu kwanaki cikin sanyi da haske, a lokacin da kariyarsa ta yi rauni. Taylor Feild da David Lee da Michele Holbrook sun nuna a 2001 cewa jajayen ganye sun fi jure haske a wannan mataki, sannan William Hoch da abokansa a Jami'ar Wisconsin suka gano a 2003 cewa tsirran da suka rasa gadon yin ja ba su kwaso naitirojin daga ganye kamar 'yan'uwansu masu yin ja ba idan aka sa su cikin haske da sanyi. A Arewacin Amurka da gabashin Asiya aka fi ganin wannan, amma bishiyar inuwar nan mai faffaɗan ganye da ake kira almon a garuruwanmu ita ma takan yi ja wur kafin ta kakkaɓe ganyenta da rani.

Gaskiya ne jan launi yana korar ƙwari?

Akwai hujja, amma ba ta kai ta kariyar haske ƙarfi ba. Marco Archetti a 2000, da William Hamilton tare da Sam Brown a 2001, sun kawo ra'ayin cewa jan ganye gargaɗi ne ga ƙwari irin su darɓa, cewa itacen yana da makamai. Wasu suka ce ƙwari da yawa ba su da idon ganin ja sosai, don haka jan ganye duhu kawai yake yi musu, ba ya jan hankalinsu kamar kore ko ruwan ɗorawa. A horopito an tarar ganyen da jan bakinsa ya fi faɗi ya fi yawan sinadari mai yaji, kuma tsutsa ta fi ƙyale shi. Wannan bai isa a ce wa manomi jan iri zai tsira daga ƙwari ba.

Idan yana da wannan amfani, me ya sa duk ganye bai zama ja ba?

Domin yana da tsada. Da sukari ake gina shi, kuma hasken da ya tare hasara ne ga ganyen da ke iya sarrafa shi duka. Shi ya sa yawancin tsirrai suke yin sa a lokacin bukata kawai, su rushe shi idan bukatar ta wuce, kuma shi ya sa furannin ado masu jan ganye sukan koma kore-kore idan aka ajiye su a inuwa.

Ta yaya manomi zai gane jan da ba shi da illa da wanda ke bukatar a ɗauki mataki?

Ya fara da duba wane ganye ne. Ja a sabon toho na sama, ganyen kuma sumul ba naɗewa, galibi girma ne. Ja ko shunayya a tsofaffin ganyen ƙasa tare da tsumburewa yana nuni ga yunwar taki ko matsalar saiwa. A auduga, ja a tsakanin jijiyoyin tsohon ganye alhali jijiyoyin suna nan kore alama ce ta ƙarancin magniziyam, amma idan bakin ganyen ne ya yi ja ya lanƙwashe ƙasa, a juya bayansa a duba, domin akwai ƙananan ƙwari masu tsalle da ke tsotsar ruwansa.

Sai ya duba yadda abin ya bazu a gonar. Idan duk gonar ce ta canza lokaci ɗaya bayan darare masu sanyi, yanayi ne. Idan wani ɓangare ne kawai, kamar kwari inda ruwa ke kwanciya ko tudun da zaizaya ta cinye, ƙasar wurin ce. Idan tsiro ɗaya ne nan, ɗaya can, a tuge guda a duba saiwarsa, a tsaga karan. Saiwa fara mai yawan gashi lafiyayya ce, wadda ta yi baƙi ko ta gajarce ta nuna inda matsalar take.

Akwai maganin feshin da ke mayar da ganye kore?

Babu maganin da ke cire launin, kuma ba shi ne abin da ya kamata a yaƙa ba, tunda shi yake riƙe da ganyen kafin a gyara abin da ya dame shi. Idan sanyi ne, a jira ɗumi. Idan ruwa ne ya kwanta, a buɗe masa hanya. Idan fosforas ne, a sani cewa ba ya tafiya da nisa a cikin ƙasa, don haka watsa shi a sama bayan shuka ta girma ba ya yin tasiri sosai; a lokacin shuka ake sa shi, a binne a gefen ramin iri ba tare da ya taɓa irin ba, a haɗa da takin gargajiya da ya ruɓe. Ganyen da ya riga ya rine ba lallai ya koma kore ba, don haka sababbin ganyen da suka fito bayan gyaran su ne za a duba a gane ko shukar ta farfaɗo.